Yadda ake auna matashin kwatabak mai gudu a ƙwallon jami'o'in Amurka

A ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hannu ana sanye da kwalkwali, kwatabak shi ne wanda ake miƙo wa ƙwallo a farkon kowane hari. Ko ya jefa ta, ko ya ba wani, ko ya ruga da ita da kansa. Ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10 gaba, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Yaro ɗan shekara 18 ko 19 da ya shigo jami'a da zafin ƙafa yakan ruɗi 'yan kallo, har da masu horarwa, domin gudunsa na rufa masa asiri. Zai makara wajen jifa, ya zille wa mutum biyu, ya ci yadi 15, fili ya kaure da sowa, ba wanda ya lura akwai mai cafewa da ya tsaya shi kaɗai a tsakiya yana ɗaga hannu. Aikin mai aunawa ya ta'allaƙa ne a kan abin da yaron ya yi cikin daƙiƙa biyu da rabi kafin ya fara gudun.

Jalen Hurts na jami'ar Alabama misali ne da za mu riƙa komowa kansa. A 2016, shekararsa ta farko, shi aka zaɓa gwarzon masu kai hari na gasar SEC, ɗaya daga manyan gasannin jami'o'in ƙasar. A 2017 ya jefa tacdawun 17, wato jifan da ke kai ƙwallo gidan ci a samu maki shida, kuma sau ɗaya tak aka ƙwace masa jifa duk kakar. A takarda babu abin kushewa. Amma a wasan ƙarshe na ƙasa da Jojiya, a Janairun 2018, an tafi hutun rabin lokaci Jojiya na gaban Alabama 13 da nema, shi kuma jifa 3 kacal ya haɗa cikin 8, yadi 21. Koci Nick Saban ya zaunar da shi ya saka Tua Tagovailoa, Alabama ta ci wasan 26 da 23. Matsalar da ta fito fili a daren nan tana cikin bidiyo tun watanni kafin nan, ga wanda ya san inda zai duba.

Zaɓen wasannin da za a kalla

Kada ka fara da gutsuren bidiyon bajinta da ke yawo a YouTube. An haɗa su ne don burgewa. Ka nemi cikakkun wasanni huɗu aƙalla: biyu da ya kara da masu tsaro mafi ƙarfi a jadawalinsa, ɗaya da ya yi a gidan abokan hamayya inda hayaniya ke hana jin kira, da kuma wanda ya fi lalacewa a cikinsa. Manyan jami'o'in rukunin FBS sukan biya ƙananan makarantu na rukunin FCS kuɗi su zo a lallasa su a watan Satumba. Wasa irin wannan ka kalle shi a ƙarshe, ko ma ka bar shi, domin a nan yaron ya fi kowa a filin sauri kuma duk kuskuren da ya yi ƙafa za ta gyara.

In ka samu hoton da aka ɗauka daga sama mai nuna duka 'yan wasa 22, shi ne na aiki. Hoton talabijin yana bin ƙwallo ne, yakan yanke masu gadin baya, alhali su ne kwatabak ke karantawa. In na talabijin kaɗai ke hannunka, ka dogara da maimaicin da ake nunawa daga bayan kwatabak.

Atisayen bazara, wanda doka ta ƙayyade wa kwana 15, ba ya nuna gaskiyar mai gudu. Ana saka wa kwatabak riga mai launi dabam don kada a taɓa shi, ana busa usur da zarar mai tsaro ya matso. Wani lokaci a tsayar da wasan da zai kuɓuta a cikinsa, wani lokaci a bar shi ya ci yadi 30 da a wasan gaske tun a yadi na uku an kirɓa shi da ƙasa.

Gyara alƙaluma kafin a yarda da su

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, na lissafa faɗuwar kwatabak a bayan layi, wato layin da ake ajiye ƙwallo a fara hari, wadda ake kira sak, a cikin alƙaluman gudunsa. A gasar ƙwararru ta NFL ba haka ake yi ba, daga yadin jifan ƙungiya ake cirewa. Wannan na nufin takardar jami'a tana ɓoye abu biyu lokaci guda. A ce an rubuta yaro ya ɗauki ƙwallo sau 15 ya ci yadi 60, yadi huɗu ke nan kowace ɗauka, abin da ba ya burge kowa. In huɗu daga ciki sak ne da suka ci masa yadi 30, to ainihin gudunsa sau 11 ne yadi 90, sama da yadi takwas kowace ɗauka. Ya fi yadda takarda ta nuna iya gudu, ya kuma fi yadda ta nuna riƙe ƙwallo har a kama shi. Ka raba su da hannunka, kowanne a layinsa.

Haka ma makin ƙwarewar jifa na NCAA. Ana ninka yadi da 8.4, tacdawun da 330, jifan da aka cafe da 100, a cire ƙwace sau 200, a raba da yawan jifa. Babu sak a ciki, babu suɓucewar ƙwallo, babu gudu. Wanda ya ƙi jifa ya rungumi ƙwallo aka kayar da shi, makinsa bai motsa ba.

Kason jifan da aka cafe shi ma sai an tsefe shi. Ka raba jifa gida huɗu: na bayan layi, na yadi 1 zuwa 9, na 10 zuwa 19, da na 20 zuwa sama. Ƙungiyoyin jami'a da yawa na cika wasa da gajeren jifa zuwa gefe wanda ko ɗan sakandare zai haɗa, sai kaso ya kumbura. Gida na uku shi ne ma'auni, musamman tsakiyar fili, inda dole ƙwallo ta wuce saman 'yan tsakiya ta sauka kafin masu gadin baya su iso.

Kowane gudu da dalilinsa

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ka ɗauki littafi, duk lokacin da yaron ya tsallaka layi da ƙwallo a hannu ka saka gudun a ɗaya daga gida huɗu.

Na farko shi ne wanda koci ya tsara tun daga kira, masu shinge biyar, wato waɗanda ke tare masa masu tsaro a gaba, suka buɗe masa hanya. Wannan na auna sauri da ƙarfi da gani a cikin cunkoso, ba ya gaya maka komai game da tunaninsa.

Na biyu shi ne na zaɓi, salon da Rich Rodriguez ya yaɗa har ya kai shi West Virginia da Pat White. Ana barin ɗan gefe guda na masu tsaro ba wanda ya tare shi, da gangan. Kwatabak ya ɗora ƙwallo a cikin mai ruga, wato wanda ake ba ƙwallo ya gudu da ita, ba tare da ya sake ta ba, idonsa a kan ɗan gefen nan. In ya ga kafaɗunsa sun juya ciki yana bin mai ruga, sai ya zare ƙwallo ya fita ta wurin da ya bari. In ya tsaya kafaɗu a miƙe yana jira, sai ya sakar wa mai ruga. Ka tsayar da bidiyo daidai lokacin da hannayen biyu ke kan ƙwallo, ka yanke hukunci da kanka, sannan ka ga abin da ya yi. Kuskuren matasa kusan iri ɗaya ne: sun yanke shawarar riƙewa tun kafin a miƙo ƙwallo, saboda sun saba a sakandare ko ɗan gefe ya tsaya za su zagaye shi. A gasa irin SEC ɗan gefen nan mai nauyin kilo 115 yana iya kamo shi. Ka rubuta daidai ko kuskure bisa karatun, kada yadin da aka samu ya canza maka alƙalami. Riƙewar kuskure da ta ba da yadi 20 kuskure ce.

Na uku shi ne gudun dole. Mai shinge ya sha kaye, ko masu tsaro sun turo mutum shida a kan masu tarewa biyar, yaron ya tsere ya mai da asara riba. Don wannan ake neman mai ƙafa. Amma ko a nan ka duba abu ɗaya: da ya fita, kansa a sama yake yana neman wanda zai jefa wa, ko ya soke ƙwallo a hammata tun yana bayan layi? Masu tsaro sukan saki mutanensu da zarar kwatabak ya fito, jifa mafi tsada a wasa sau da yawa a wannan lokacin take samuwa.

Na huɗu shi ne wanda ake nema a ƙirga da kyau, gudun da babu abin da ya kore shi. Shinge na tsaye, ba mai tsaron da ya kai yadi biyu kusa da shi, mutumin farko da ya duba a rufe yake, sai kawai ya sauke ido ya fita. Ka mayar da bidiyo baya ka duba inda na biyu da na uku suke a daidai lokacin. In a wasa guda ka samu irin wannan sau biyar ko shida, kuma a rabinsu akwai wanda ke buɗe, ka gano ciwon. Wannan ne ke bayyana yadda mutum zai kammala kaka da ƙwace ɗaya tak amma harin ƙungiyarsa ya tsaya cik ranar da aka toshe masa hanya: jifan da ke da ɗan haɗari bai yi su ba, ya gudu a maimakonsu, takarda kuwa ba ta da gurbin jifan da ba a yi ba.

Ido da ƙafa a cikin aljihu

Aljihu shi ne ɗan zoben da masu shinge ke yi wa kwatabak. Ba ka ganin idonsa a bidiyo, amma kana ganin zanen da ya ratsa tsakiyar kwalkwalinsa, shi za ka bi. In zanen ya kafe a kan mutum ɗaya tun daga miƙo ƙwallo har jifa, mai gadin baya ma yana ganin haka kuma zai riga ƙwallo isa. Wanda ya fara nuna zai yi nisa za ka ga zanen ya fara tsayawa a tsakiya, ya riƙe mai gadin baya a wurin, sannan ya koma gefe. Ƙafafunsa kuma na bin idonsa: ya juya daga na farko zuwa na biyu, ƙafar baya ta ɗan ɗaga ta sake kafuwa tana fuskantar sabon wurin. Wanda kansa ya juya ƙafa ba ta bi ba, da hannu kaɗai zai yi jifan, ƙwallo ta tashi sama ko ta faɗi a bayan mai cafewa.

Ka lura da inda yake tsayawa. Yawanci yana karɓar ƙwallo yadi biyar a bayan layi, ya ja baya taku uku ya tsaya wajen yadi takwas ko tara. Masu shingen gefe suna tura 'yan gefe ne su wuce ta bayan wannan wurin. Yaron da ya ji matsi ya ci gaba da ja da baya zuwa yadi 11 ko 12 ya kai kansa inda ake turo su, sai a zagi mai shinge alhali laifin na kwatabak ne. Gyaran shi ne taku ɗaya ko biyu gaba, cikin aljihu, hannu biyu a kan ƙwallo. Masu sauri ne suka fi wahalar koyon wannan, domin jikinsu ya saba da cewa mafita na waje ne. Duk sak ɗin da ka gani ka rubuta na wane ne: na mai shinge, na tsarin koci, ko nasa. In ya wuce daƙiƙa uku da ƙwallo a hannu ba tare da dalili ba, nasa ne.

Akwai kuma tambayar wa ke yin tunanin. A jami'o'i da yawa za ka ga an jeru, sai duka 'yan wasa su juya su kalli gefen fili, koci ya duba tsarin masu tsaro ya canza kira da alamar hannu ko allo. Daga 2024 an yarda wa rukunin FBS su saka rediyo a kwalkwalin kwatabak, ana yanke ta in saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin miƙo ƙwallo, ko da zarar an miƙo ƙwallo. Saboda haka kyakkyawan zaɓi kafin miƙo ƙwallo na iya zama na koci. Abin da ke nasa shi kaɗai shi ne lokacin da masu tsaro suka nuna fuska ɗaya suka sauya bayan an miƙo: masu gadin baya biyu suna sama, ɗaya ya gangaro ɗaya ya koma tsakiya. Ka tara irin waɗannan wasanni wuri guda ka kalle su a jere.

Jifan kansa

Ƙarfin hannu a jami'a yana da gwaji na musamman. Ɗigon layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a tsakaninsu, na NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6. In an ajiye ƙwallo a ɗigon hagu, layin gefen dama na da nisan yadi 33 da ɗoriya. Mai cafewa da ya shiga yadi 12 ya karya waje a can, jifan da zai same shi ya kai yadi 35 a iska, kuma dole ta tafi a miƙe, in ta yi lilo mai gadin gefe zai shiga gabanta ya wuce da ita gida. In koci bai taɓa kiran wannan jifa ba a wasanni huɗu, shi ma bayani ne.

Wajen saiti kada ka tsaya ga an cafe ko ba a cafe ba. Ka ba kowane jifa alama uku: ta sauka inda mai cafewa zai ci gaba da gudu, ta sa shi ya tsaya ko ya juya, ko ba ta kamuwa. Jifan da ya faɗi daga hannun mai cafewa ka ba kwatabak ladansa. Sannan ka raba jifan tsaye da na cikin gudu, na cikin gudun ma ka raba dama da hagu. Mai jifa da dama in ya fita dama abin na zuwa da sauƙi. In ya fita hagu sai ya murɗo kafaɗu sun fuskanci inda zai jefa, kuma masu tsaro da suka gane bai iya ba za su riƙa koro shi can da gangan.

Ƙaramin kaso a shekarar farko bai isa a yanke ƙauna ba. Lamar Jackson ya fara a Louisville a 2015 da ƙasa da kashi 55 cikin ɗari, a 2016 ya ɗauki kambun Heisman, na gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, yana ɗan shekara 19, kasonsa kuma ya ci gaba da hawa kowace shekara har ya bar makarantar. Abin dubawa shi ne musabbabin kuskuren. In daga ƙafa ne, taku ya yi faɗi ko bai kafa ta baya ba, ana gyara shi da maimaici. In ƙafa ta zauna daidai, aljihu lafiya, ƙwallo kuma na ci gaba da kauce wa mutum a yadi 10, wannan ya fi wuyar magani.

Wani abin da ke kumbura alƙaluman jami'a shi ne wasan da ake haɗa gudu da jifa a kira ɗaya. Doka ta bar masu shinge su shiga har yadi uku gaba kafin jifa, a NFL yadi ɗaya ne. 'Yan tsakiya na ganin shinge ya taho sai su ɗauka gudu ne su matso, a jefa ta bayansu. Karatun mutum ɗaya ne, mai sauƙi. Ka ware waɗannan gefe kafin ka ce yaro ya iya karanta fili.

Bayan an gane shi

Watan Satumba na mai gudu ne, domin babu bidiyonsa a hannun kowa. Zuwa Nuwamba kowane kocin tsaro ya shirya masa. Za a ware mutum guda mai sauri wanda ba shi da aiki sai binsa. Za a daina tsaron mutum da mutum a dama ta uku, saboda a nan masu tsaro ke juya masa baya, a koma tsaron yanki inda idon mutum goma sha ɗaya ke kansa. 'Yan gefe za su daina rugowa da ƙarfi, su riƙe bakin aljihu su matse shi a hankali. A wasan zaɓi kuma za a yi masa tarko: ɗan gefe ya faɗa ciki da gangan don ya zare ƙwallo, ɗan tsakiya ya zagayo waje yana jiransa. Ka kwatanta dama ta uku mai bukatar yadi bakwai zuwa sama a wasanninsa uku na farko da uku na ƙarshe. In a farko yana samun su da ƙafa, a ƙarshe kuma ba ƙafa ba jifa, ba a samu ci gaba ba tukuna, komai yawan nasarar ƙungiyar.

Jiki

Ka ƙirga duka nawa yake sha a wasa, ka raba wanda ba makawa da wanda ya jawo wa kansa. A dokar jami'a in ya zame ƙafa a gaba, ƙwallo ta mutu a inda ya fara zamewar, ba inda ya tsaya ba, don haka mai hankali yakan tabbatar ya wuce alamar yadi 10 kafin ya kwanta. Kenny Pickett na Pittsburgh ya yi kamar zai zame a wasan ƙarshe na gasar ACC a Disambar 2021, masu tsaro suka saki jiki ya wuce ya ci, cikin 'yan kwanaki aka haramta dabarar. Yaron da ke saka kafaɗar jifansa a ƙirjin ɗan tsakiya don ƙarin yadi biyu a dama ta farko bai san darajar kansa ga ƙungiya ba. A 2007 Oregon na matsayi na biyu a ƙasa lokacin da gwiwar Dennis Dixon ta tafi a wasa da Arizona, suka sha kashi a wasan da biyun da suka biyo baya. Ka duba riƙon ƙwallo ma: in ya tsallaka layi tana manne da ƙirji, ko tana lilo a hannu ɗaya nesa da jiki.

Hukuncin da za a rubuta

Rahoton ya amsa abu uku dabam: me yake iya yi yau, me ake sa ran zai koya, me tsarin koci ke ɓoye masa. Kada a kulle shi da hukuncin ɗan shekara 19. Hurts ɗin da aka zaunar ya shigo daga benci a wasan ƙarshe na SEC a Disambar 2018 ya juya wasan a kan Jojiyar nan dai, ya koma Oklahoma a 2019 ƙarƙashin Lincoln Riley ya jefa tacdawun 32 ya zo na biyu a zaɓen Heisman, a Fabrairun 2025 kuma shi ne gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, da ƙungiyar Filadelfiya. Jayden Daniels ya kammala 2021 a Arizona State da tacdawun 10 da ƙwace 10, bayan shekara biyu a LSU ya jefa 40 aka ƙwace 4 kacal.

In gudun gida na huɗu ya yi yawa kuma ƙungiya na da wani babba da zai riƙe, dokar da aka kafa a 2018 ta ba da hanya: yaro na iya buga wasa har huɗu a kaka ba tare da ya ƙona shekara ɗaya daga cikin huɗun da yake da su na buga wa jami'a ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɓarnatar da wasannin nan wajen saka shi ya yi gudun yadi biyu a bakin gidan ci, ko a sako shi ana saura minti uku an riga an ci da tazarar maki 40 yana miƙa ƙwallo kawai. A ba shi cikakken zubi biyu ko uku tare da masu shinge na farko, tun wasa na da rai, a kira masa jifan tsakiya da dama ta uku mai nisa. A kuma gaya masa dalilin zaman a fili, domin tun da aka buɗe ƙofar sauya sheƙa a 2018, matashin da aka ajiye ba bayani yakan kwashe kayansa da zarar kaka ta ƙare, wata makarantar ta ci moriyar shekarar da aka yi ana gyara masa ƙafa.